Borin Jini da Warkewar Kwatangwalo: Bahasi a kan Riwayar Majinyaci Kafin Tiyatar Huda, da Abin da Ya Shafi Ma'aikatan Zawaciki, Challawa, Sharaɗa da Bompai



Mas'alar da na zo da ita ƙarama ce a ido, domin ba ta wuce layi ɗaya a cikin fayil ɗin majinyaci ba, wato layin nan da ake tambayar mutum ko akwai wani magani ko abinci ko wani abu da jikinsa ba ya karɓa, ya amsa, a rubuta, a wuce zuwa awon jini. Amma tun daga shekarar 2014 likitocin ƙashi na Amurka suka fara lura da cewa mutanen da wannan layi nasu ya cika da sunaye, idan aka yi musu aiki a gwiwa ko a kwatangwalo, sau da yawa ba sa samun sauƙi gwargwadon yadda takwarorinsu ke samu, kuma daga baya aka kai binciken zuwa ga tiyatar huda ta kwatangwalo. Abin da nake neman in tabbatar a gabanku shi ne, akasarin wannan bambanci yana fitowa ne daga abin da mu masu magani muke yi da amsar majinyaci, da kuma abin da amsar take nunawa game da halin da yake ciki. Rabon borin jini na haƙiƙa a cikinsa kaɗan ne. Saboda haka wajibi ne a yi wa amsar tahƙiƙi kafin a kai mutum ɗakin tiyata, musamman a wuri irin namu na Kano, inda kuskuren yake zuwa ta fuska biyu.

Yadda aikin yake

Gaɓar kwatangwalo dunƙulen kan ƙashin cinya ne da ya zauna cikin gurbinsa a ƙashin ƙugu, bakin gurbin kuwa an kewaye shi da wani leɓe na guringuntsi mai riƙe ruwan gaɓa da ƙara mata zurfi, sa'an nan tsoka mai kauri ta lulluɓe duka. Saboda wannan zurfi ne Michael Burman na birnin New York, bayan da ya gwada leƙa gaɓoɓin gawawwaki a 1931, ya yanke cewa ba a iya shigar da allura tsakanin kan ƙashin da gurbinsa. Kenji Takagi na ƙasar Japan ya ba da rahoton leƙa kwatangwalon majinyata a 1939, amma aikin bai zama ruwan dare ba sai bayan da James Glick ya bayyana hanyar kwantar da mutum a gefe a 1987, Thomas Byrd kuma ya bayyana ta rigingine a 1994. Sirrin abin shi ne jan ƙafa: bayan an sa wa mutum barci, sai a ɗaura ƙafarsa a kan wani tebur a ja ta har gaɓar ta buɗe kimanin santimita 1, a huda fata wuri biyu ko uku, a zura siririn madubi mai kyamara ta ɗaya, kayan aiki ta sauran, ana tura ruwan gishiri domin a ga ciki sarai. Likitoci suna ƙoƙarin kada jan ya wuce sa'a 2, domin idan ya tsawaita jijiyoyin matsematsi da na ƙafa sukan dakushe na wani lokaci.

Cutar da aka fi yi wa wannan aiki ita ce wadda Reinhold Ganz da abokan aikinsa na birnin Bern suka fayyace a 2003, wato cin karo tsakanin wuyan ƙashin cinya da bakin gurbi, ko dai saboda wani tudu da ya fito a wuyan, ko saboda bakin gurbin ya yi rinjaye, har leɓen guringuntsin ya riƙa matsuwa yana yagewa duk sa'ad da mutum ya naɗe ƙafa ƙwarai. Ana kankare tudun, a ɗinke leɓen a kan ƙashi da 'yan ƙananan turaku. Hujja mafi ƙarfi a kan amfanin aikin ta fito ne daga Ingila a 2018, a mujallar The Lancet, inda Damian Griffin da jama'arsa suka raba majinyata 348 gida biyu, wasu tiyata wasu gashi da motsa jiki na musamman; bayan wata 12 duka ɓangarorin sun sami sauƙi, amma masu tiyata sun fi da maki 6.8 a kan ma'aunin iHOT-33 mai maki 100. Ina roƙon a riƙe wannan adadi, domin yana nuna cewa ribar aikin matsakaiciya ce, kuma riba matsakaiciya abu kaɗan yake cinye ta.

Abin da aka samu a Amurka

A 2014 Graves da abokan aikinsa na Jami'ar Iowa suka buga cewa, cikin waɗanda aka sauya wa gwiwa ko kwatangwalo, masu ambaton abubuwa 4 ko fiye da jikinsu ba ya karɓa sun sami ƙarancin ci gaba a ƙarfin jiki da iya hidimar yau da kullum. A 2015 McLawhorn da jama'arsa na babban asibitin ƙashi na New York suka sami makamancin haka, har da ƙarancin gamsuwa da aikin. Da aka juya ga tiyatar huda sai aka sami saɓani: wani bincike daga wannan asibiti na New York ya ga masu ambaton borin jini sun ba da maki ƙasa da na takwarorinsu bayan aiki, wasu masu binciken kuwa ba su ga alaƙa mai ƙarfi ba. Sai dai akwai abubuwa biyu da kusan duka waɗannan nazarce-nazarce suka yi tarayya a cikinsu, kuma a kansu ne hukuncina ya dogara. Abin da aka ƙirga shi ne faɗar majinyaci, ba tare da an gwada shi an tabbatar ba. Abin da aka auna a ƙarshe kuma shi ne faɗar majinyaci game da ciwonsa da tafiyarsa. Baki ɗaya ne ya ba da sababin da kuma natijar, don haka bai halatta ga mai ilimi ya ce jinin mutum ne ya hana gaɓarsa warkewa ba, alhali ba a duba jinin ba.

Malaman hadisi sun riga mu sanin wannan ƙa'ida, da suka bambanta riwaya da diraya, suka ƙi karɓar labari don kawai mai ba da shi mutumin kirki ne, suka kuma ƙi jefar da shi don kawai ya zo da baƙon abu, sai sun bi isnadinsa sun ga wa ya ji daga wa, da yaushe, da kuma ko mai riwayar yana da kiyayewa. Maganar majinyaci cewa fenisilin ba ya karɓarsa riwaya ce. Sau da yawa ma daga mahaifiyarsa ya ji, ita kuwa ta ji daga mai kemis ɗin da ya ga ƙuraje a jikin yaro mai zazzaɓi shekara ashirin da suka wuce, alhali ƙurajen na iya zama na ƙyanda ko na wata cutar dabam.

Borin jini na haƙiƙa yana nan, kuma ba abin wasa ba ne. Tun a ƙarni na goma na Miladiyya Abubakar ar-Razi ya rubuta risala a kan murar da ke kama wasu mutane lokacin da furen wardi ya buɗe. A 1902 Portier da Richet suka bayyana nau'in da ke kashewa farat ɗaya. A tsakanin 1966 da 1967 aka gano sinadarin garkuwar jiki mai suna IgE wanda ke haddasa shi. Babban binciken da likitocin sa barci na Birtaniya suka fitar a 2018 ya nuna cewa mummunan bori yana aukuwa kimanin sau 1 cikin kowane sa barci 10,000, kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne kan gaba wajen jawo shi, sai masu sakin tsoka, sai sinadarin wanke fata kuloheksidin. Amma abin da ke aukuwa sau 1 cikin 10,000 ba ya iya bayyana bambancin makin da ake gani tsakanin ɗaruruwan mutane. Dole a nemi illar a wani wuri.

Maganin da aka hana

Wuri na farko shi ne hannun likita. Kimanin mutum 1 cikin 10 a asibitocin Amurka yana ɗauke da lakabin rashin jituwa da fenisilin, alhali idan aka gwada su fiye da kashi 90 cikin 100 suna shan sa lafiya lau, har ma waɗanda borinsu na gaskiya ne, kusan kashi 80 cikin 100 yakan gushe musu bayan shekara 10. To, likita da ya ga lakabin sai ya ji tsoron ba da sefazolin, wanda shi ne maganin da aka fi amincewa da shi wajen kare rauni kafin yanka, ya koma ga bankomaisin ko kilindamaisin, duk da cewa ginin sefazolin ya sha bamban da na fenisilin ta ɓangaren da jiki ke ganewa, har mafi yawan masu lakabin suna karɓarsa ba tare da komai ba. Kimberly Blumenthal da jama'arta na birnin Boston sun nuna a 2018, cikin majinyata fiye da 8,000, cewa masu wannan lakabi haɗarin ruɓar rauninsu ya ƙaru da kusan rabi, kuma canjin maganin ne sila. Binciken Birtaniya da na ambata ya ƙara da wani abin takaici, cewa taikofilanin, wanda ake yawan bayarwa don gudun fenisilin, yana cikin magunguna biyu da suka fi jawo mummunan borin.

Adalci ya sa in faɗa cewa a tiyatar huda ruɓar rauni ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka wannan ƙofa ta fi muhimmanci ga sauya gaɓa. Ƙofar da ta fi shafar aikinmu ita ce ta magungunan kumburi da raɗaɗi, dangin asfirin da ibufurofen da dikulofenak da nafuroksen. Idan aka kankare ƙashi, ɓarɓashinsa da jinin da ya zuba cikin tsoka sukan sa wani ƙashi ya tsiro a inda ba muhallinsa ba, a gaban gaɓar, wanda in ya girma yakan hana naɗe ƙafa ya kuma jawo ciwo. Beckmann da abokan aikinsa na Jami'ar Utah sun yi gwaji a 2015, suka ba wasu nafuroksen na mako 3 bayan tiyatar huda, wasu kuwa ƙwayar da ba magani a cikinta. Baƙon ƙashin ya bayyana a hoto ga kashi 46 cikin 100 na waɗanda ba su sha maganin ba, ga kashi 4 cikin 100 kacal na waɗanda suka sha. Gaskiya ne akasarin irin wannan ƙashi ƙarami ne ba ya damun mai shi, amma wanda ya kasance cikin 'yan kaɗan ɗin da ya dama, sai an sake buɗe shi.

Yanzu a duba yadda abin yake a wurinmu. Mutum ya ce yana da olsa, an hana shi ibufurofen. Ko ya ce ya taɓa shan dikulofenak da yunwa cikinsa ya yi zafi. Mai rubutu, saboda layin da ke gabansa ɗaya ne, sai ya zuba wannan a gurbin borin jini. Zafin ciki illa ce ta magani wadda ake iya sassautawa da abinci da maganin rage tsamin ciki, ko a koma ga selekoksib. Ainihin mai haɗari shi ne mai asma da toshewar hanci wanda numfashinsa ke sarƙewa in ya sha asfirin, ko wanda fuskarsa ke kumbura, ko mai ciwon ƙoda. In ba a rarrabe ba, sai a hana mutum kariya daga baƙon ƙashi, sa'an nan, da yake ba a bar shi da ciwo, a jingina shi ga taramadol da danginsa, a gari irin Kano wanda ya ga abin da waɗannan ƙwayoyi suka yi wa samarinsa har Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018. Wanda ciwo ya hana shi motsa ƙafa a makonnin farko, gaɓarsa takan yi tauri, gashinsa ya ja baya, makinsa na wata goma sha biyu ya sauka, a ƙarshe a rubuta cewa mai borin jini ba ya warkewa da kyau.

Halin zuciya

Wuri na biyu ya fi wuyar magana, kuma ina roƙon a saurare shi da tausayi. Blumenthal ɗin nan ta kuma nuna a 2018 cewa masu ambaton magunguna da yawa da ba sa jituwa da su sun fi sauran jama'a yawan fargaba da ciwon damuwa. A ɗaya gefen kuma, nazarce-nazarce da dama a kan tiyatar huda sun yi ittifaƙi cewa mai damuwa kafin aiki yakan ba da maki ƙasa bayan aiki. Akwai mutanen da jijiyoyinsu suka saba ƙara wa kowane motsi na jiki sauti, har ɗan jiri ko tashin zuciya bayan shan ƙwaya ya zama musu abin tsoro da za su riƙe har abada, kuma su ne dai waɗanda ɗan tsami a matsematsi bayan tiyata yake hana su barci. Ciwonsu gaskiya ne, ba ƙarya suke yi ba, kuma babu laifin da ya fi muni ga likita irin ya ga dogon jerin magunguna ya yanke a ransa cewa wannan mai ƙorafi ne. Faɗar irin wannan mutum alama ce da ke neman a zauna da shi, a tambaye shi barcinsa da abin da ke damunsa a gida da wurin aiki, a gaya masa gaskiyar gwargwadon sauƙin da ake tsammani da tsawon lokacin da zai ɗauka, a kuma haɗa shi da mai gashi tun kafin ranar aiki. Abin da nake jin tsoro shi ne a mai da sakamakon Amurka ma'aunin tace mutane, a ce mai lakabi huɗu a rage masa fata ko a hana shi aiki. Wannan zalunci ne da aka yi wa ado da lissafi.

Zawaciki da maƙwabtanta

Wanda ya bi hanyar Panshekara ya ratsa Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso, inda aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a watan Janairu na 2023, ya dubi masana'antun Challawa, ya komo ta Sharaɗa, ya ƙetare gari zuwa Bompai, ya ga irin jikin da muke magana a kai: 'yan dako masu sauke buhuna daga kwantena, direbobin manyan motoci masu yini a naɗe, ma'aikatan kamfanonin fata da na roba da na saƙa, magina masu kwaɓa siminti, da samarin da ke buga ƙwallo da yamma a kowane fili. Tsugunno da ɗaukar nauyi da juya ƙafa su ne ainihin motsin da ke tayar da cin karon kwatangwalo. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala, wanda ke aiki tun 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, su ne madogarar waɗannan mutane, bayan da yawansu sun fara biyawa ta wurin maɗori da mai kemis; masu hali kuwa sukan tafi Masar ko Indiya a yi musu aiki, su dawo gida a yi musu gashi, da takardun da aka cika ta bakin tafinta.

A nan kuskuren fuska biyu gare shi. Fuska ta farko ita ce ƙari, kuma babban misalinta kulorokwin. Duk wanda ya girma kafin Nijeriya ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro a 2005 ya san ƙaiƙayin da yake sa wa baƙar fata, wanda ke hana barci kwana biyu ko uku. Masana na Jami'ar Johns Hopkins sun nuna a 2009 cewa maganin yana taɓa wata kafa ta musamman a kan jijiyoyin ƙaiƙayi kai tsaye, ba ta hanyar garkuwar jiki ba, shi ya sa magungunan borin jini ba sa yi masa wani abin kirki. Amma mutum ya taso da yaƙinin cewa jininsa mai bori ne, ya ce allura ba ta karɓarsa, ko farar ƙwaya mai ɗaci, ba tare da ya san suna ba, mai rubutu kuma ya rubuta abin da ya zo masa a rai. Haka nan ƙaiƙayi da amai bayan allurar mofin ko fetidin, wanda masu ciwon sikila suka sani sarai saboda yawan kwanciya asibiti. Kuma kada a manta cewa a ƙasar da ake haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara, mutuwar kan ƙashin cinya na cikin manyan abubuwan da ke kai matashi ga likitan kwatangwalo, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa buƙatar a tantance masa wane maganin ciwo ya halatta gare shi, tun da ƙodarsa ma abar kiyayewa ce.

Fuska ta biyu ita ce ragi, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. Majemanmu na dā da bagaruwa suke jima, kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa kuwa, kamar takwarorinsu a duniya, da gishirin kuromiyam suke yi. Siminti ma yana ɗauke da nau'in kuromiyam mafi saurin sa fata ta yi bori, har Tarayyar Turai ta iyakance shi zuwa miligiram 2 a kowane kilo tun 2005. Masu aikin roba suna taɓa sinadaran da ake dafa roba da su, waɗanda su ne kuma ke cikin safar hannun likita da wasu kayan ɗaure rauni. Lebura mai tsattsagewar hannu da ƙaiƙayi na shekaru, wanda ke lafawa in ya tafi ƙauye hutun salla ya dawo in ya koma aiki, ba ya ɗaukar wannan a matsayin abin da za a gaya wa likitan ƙashi. A wurinsa halin sana'a ne, wani lokaci ma yana tsoron kada maganar ta kai ga kunnen manaja. In an tambaye shi ko akwai maganin da ba ya karɓarsa zai ce babu, kuma gaskiya ya faɗa, domin ba a tambaye shi safar hannu ko takalmin roba ko filasta ba. Haka mace da baƙin lallen da ake haɗawa da dayis ya taɓa ƙona wa hannu. Sinadarin da ke cikinsa yana da dangantaka da wasu magungunan kashe zafi na shafawa da wasu rinin tufafi. Haka wanda Septrin ko Fansidar ya taɓa sa wa baƙin tabo mai zagaye da ke dawowa wuri ɗaya, ko, wal'iyazu billahi, ya saɓule masa fata da leɓɓa. Wannan na ƙarshe ba a gwada shi, ba a kusantarsa da maganin har abada, amma sau da yawa an fassara masa abin da maita ko sammu, bai san cewa ƙwayar ce ba.

Game da ƙarfe, ya kamata a kwantar wa ma'aikacin fata da hankali. Turakun da ake ɗinke leɓen gaɓa da su a yau akasari na roba mai tauri ne, ko na zare zalla, ko na abin da jiki ke narkarwa, wasu kuma na taitaniyam, don haka borin kuromiyam ko nikel ba ya hana tiyatar huda. Inda maganar ke tasowa shi ne ranar da za a sauya gaɓar gaba ɗaya, domin wasu kawunan gaɓar na gaurayen kobalt da kuromiyam ne. Ko a can ma malamai suna da saɓani a kan ko borin fata yana nufin borin cikin gaɓa, amma sanin tarihin mutum yana ba likita damar zaɓar kan tangaran. Abin da ya fi kusa shi ne fatar da ke kewaye da hudar: in filasta ko maganin wanke fata ya sa ta yi ja tana tsattsafo da ruwa, sai a zaci ruɓa ce, a ɗora wa mutum maganin ƙwayoyin cuta da ba ya buƙata, a dakatar da gashi.

Tahƙiƙin da nake kira gare shi ba ya buƙatar na'ura mai tsada a matakin farko. Tambayoyi ne da harshen mutum: mene ne sunan abin ko kamanninsa, me ya faru a jiki, bayan minti nawa ko kwana nawa, shekara nawa ke nan, an kwantar da kai ko an yi maka allurar gaggawa, ka sake shan sa ko ɗan'uwansa bayan nan, sa'an nan wace sana'a kake yi, me hannunka ke taɓawa. Sau da yawa tambaya ta shida kaɗai takan warware mas'alar, domin mai cewa fenisilin ba ya karɓarsa yakan ce ai Ampiclox yake sha duk sa'ad da ya ji rauni. Trubiano da jama'arsa na Ostireliya sun tsara irin waɗannan tambayoyi a 2020 suka mai da su ɗan gajeren ma'auni da ke ware masu ƙaramin haɗari, waɗanda ake iya ba su ƙwayar amoksisilin su sha a gaban likita, da adirenalin a kusa, a zauna da su sa'a guda. Wanda tarihinsa ya nuna shaƙewa ko faɗuwa ko saɓulewar fata, wannan sai ƙwararre. In an kammala, a rubuta wa mutum hukuncin a kati da Hausa, boko ko ajami, da Turanci, da Larabci ga mai niyyar Masar, a bambanta masa abin da aka haramta masa da abin da kawai ke ɓata masa ciki, domin lakabin da aka goge a fayil ɗaya yakan dawo ta bakin mai shi a asibiti na gaba.

Saura maganar awo. Idan za mu tara namu bayanai, kuma ina ganin Dala da asibitin Malam Aminu Kano sun isa su buɗe rajista guda ta duk wanda aka yi wa aikin kwatangwalo, a nan ko a waje, to kada mu ɗauko ma'aunin Turai mu fassara shi kalma da kalma. Ma'aunin Harris na 1969 da iHOT-33 na 2012 an gina su ne a kan rayuwar mai zama a kujera. Mutuminmu kuwa abin da yake so ya sani shi ne yaushe zai yi sujada da zaman tahiya ba tare da jingina ba, yaushe zai tsuguna a bayan gida, ya zauna a tabarma, ya ɗaga ƙafa ya hau babur, kuma waɗannan duka naɗewa ce mai zurfi, wadda ita ce ainihin jarrabawar wannan tiyata. Dole kuma rajistar ta rubuta yadda ake biyan mutum, domin aikin yana neman sanduna na 'yan makonni da nisantar ɗaukar nauyi na watanni, ɗan dakon da ake biya kullum kuwa in bai fita ba gidansa ba a ɗora tukunya, zai koma bakin kwantena kafin ɗinkin ya kama. In ba a ware wannan ba, za a jingina wa borin jini abin da talauci ya yi. A cikin rajistar a keɓe gurbi biyu, ɗaya na abin da majinyaci ya faɗa, ɗaya na abin da aka tabbatar bayan bincike, da gurbi na uku na maganin da aka ba shi a zahiri, a bi shi wata 12 da wata 24. Ɗakunan shan magani na kamfanonin Challawa da Sharaɗa da Bompai suna iya riƙe rabin wannan aiki, tun da su ne ke ganin hannun ma'aikaci kafin likitan ƙashi ya gan shi, kuma su ne ke sanin ranar da ya koma bakin aiki. Sharaɗin kawai shi ne bayanin ya tsaya tsakanin ma'aikacin jinya da asibiti, kada ya shiga ofishin da ake ɗauka da sallamar ma'aikata.